Ɗanye da Matsattse

Tun da aka kwashe hotunan jama'a aka zuba a Rumbun Ƙasa, hoton mamaci ya kasu biyu: ɗanye na manya, matsattse na talaka. Shi matsattse kuwa, duk buɗewa sai ya ragu.

Tanimu ya riƙo hannun mahaifiyarsa, Inna Kande, har gindin turken waifai na bakin kasuwa, don nan kaɗai sabis ɗin intanet ke kamawa. Marigayi mijinta take son gani.

Hoto ya buɗe a waya. Hula na nan, riga na nan, amma fuskar ta koma kamar saƙar tabarma.

Tanimu ya juya kan mai kula da turken. "Malam, ina idon babana?"

"Jefeg ne, abokina, wato matsattse. Kun cika buɗewa."

"Mun cika buɗewa? Ubana ne fa! Na Alhajin layinmu har gashin hancinsa ana gani!"

"Ai nasa ɗanye ne."

Tanimu ya cakumi wuyan rigarsa. "To maida mini shi ɗanye!"

"Ko kashe ni za ka yi, abin da aka matse ba ya dawowa."

Tanimu ya hankaɗe shi yana huci. Inna dai tana ta shafa hoton, daidai inda tsagar kumatun mijinta take a da.

"Kawo in sake buɗewa, Inna, ƙila sabis ne."

Ta damƙe masa yatsa.

"Kul! Ƙanwarka ba ta gan shi ba bana. Kada mu cinye mata shi."