Kati na Biyar

"Saura mutum ɗaya," in ji mai ba da magani, yana leƙen allon kwamfutar ta bayan kafaɗata.

Masu hawan jini ɗari huɗu ne a asibitinmu, ni kaɗai ce ke bibiyarsu, kuma mutum biyar kawai nake iya ziyarta a mako. Shi ya sa aka kawo mana na'ura mai koyo da kanta. Takan tace tsofaffin katuna ta fito da waɗanda suka fi kusa da barin magani. Ba ta faɗin suna, sai lambar kati. In na danna, ita ke buga wayar.

Na karanta na biyar da ƙarfi: "Mace, shekara arba'in da shida. Ta tsallake awo uku, wata biyu ba ta karɓi magani ba."

"Wataƙila aiki ne ya yi mata yawa, Yaya," ya ce.

"Aikin me? Wa ba ya aiki? Irinsu sai sun yanke jiki sun faɗi a kawo mana su ranga-ranga. Bari ta ɗauka, yau sai na wanke ta tas."

Na gyara zama, na gyara murya, na danna.

Sai ga waya ta fara ruri cikin jakata da ke rataye a bayan ƙofa.

Mai ba da magani ya jawo abin awon jini, ya turo mini kujerar marasa lafiya.

"Ɗauka mana, Yaya. Ina so in ji faɗan."