Da'irar da Ba Ta Rufe Ba

Manhajar rubuta kiɗan ba ta da alamar da Khaula take nema. Ta bi jerin alamomin kaf, na piyano da na ganguna da na kayan busa, babu wadda ta dace da abin da take ji. Sarewa ce tana tafiya lafiya lau, amma da an zo wani rami sai iska ta zurare, sautin ya fito da huci kamar tayar da ƙusa ta huda.

Sai ta zana tata: ƙaramar da'ira wadda bakinta bai haɗu ba. Ta adana ta cikin manhajar, ta ɗora ta a kan kowane sauti mai huci.

Khaula tana koyar da kiɗa a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa ta Kamaru, kuma a garin ba kowa ya iya rubuta busa a takarda ba. Shi ya sa Alhaji Nasrullahi ya nemo ta har ɗakin aikinta, a bayan gidan mahaifiyarta a unguwar Yelwa. Dattijo ne mai sanyin murya, dillalin shanu daga wajen Tcholliré. Ya kawo mata katin memori, ya ce busar wani makiyayi ce, yana so a rubuta kada ta ɓace.

Da ya zo karɓa, ya ɗora yatsa a kan da'irar. "Wannan fa, Malama?"

"Ramin ƙarshe ne ba ya rufuwa sosai, Alhaji. Wataƙila salonsa ne."

Ya gyaɗa kai, ya naɗe takardar a hankali ya sa a aljihun ƙirji.

Bayan 'yan makonni ya dawo da wani katin. Waƙar daban ce, amma mai busar shi ne, ta gane shi daga yadda yake jan numfashi. Wannan karon ramuka biyu ne suke huci. Ta zana alama ta biyu, da'ira mai layi a tsakiya.

Wani abu ya fara damunta. Idan ta sa kwamfuta ta busa abin da ta rubuta, waƙar takan fito tas, domin manhajar ba ta san ma'anar da'irar ba, zane kawai take gani. Ita kuwa da ta ji tsaftatacciyar, sai ta gane haka mai waƙar ya so ta fita. Ba salo ba ne. Ga shi kuma makiyayi ne, amma ko kukan saniya ɗaya babu a bayan busar. Kuma da sautin ƙarshe ya faɗi, sai a yanke ɗaukar ƙat.

A kati na uku, ramuka uku. Da'irori suka cika takardar kamar ƙyanda.

Ta ɗauko tata sarewar don ta kwaikwayi sautin. Ta ɗaga yatsa, bai yi ba. Ta rufe rabin rami, bai yi ba. Sai da ta lanƙwashe yatsan, ta naɗe gaɓar da bakin mayafinta, ta danna da ita. Hucin ya fito daidai.

Ta ajiye sarewar a kan tebur. Duk zafin Garwa, sanyi ta ji har cikin ƙashi. Babu wanda bai san abin da ke faruwa a dazukan Mayo-Rey, yankin su Tcholliré, ba: a ɗauke mutum daga ruga, a kira danginsa a waya, in sun yi jinkiri a fara tuna musu.

Da Alhaji ya zo, ba ta miƙa masa takardar ba. "Baba, yatsun mutumin nan ake yankewa."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kawo ruwa.

"Lukmanu sunansa. Ɗan ƙanena ne. Da busar nan ake sanin yana raye. Babu mai busa irinsa daga nan har garin Rey, Malama, kuma in yatsun suka ƙare, waƙoƙin sun ƙare." Ya share ido da hannun riga. "Kada jandarma su ji. In suka ji, gawarsa za a tsinta."

Ta rantse masa. Daga ranar ba ta ƙara cin abinci da daɗi ba. A aji, in ɗalibi ya ɗaga hannu, yatsunsa take kallo.

Ya dawo wata la'asar, mahaifiyarta ta tafi suna a unguwar Poumpoumré, gidan babu kowa. Ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya ce daga hanya yake, ko gida bai biya ba, a rubuta masa yanzu in da hali. Ya tura ƙofa ya rufe saboda ƙarar babura, ya ja kujera ya zauna a bayanta.

Ta sa abin sauraro a kunne. Ramuka ukun ne dai, ba a ƙara ba, ta yi hamdala a zuci. Waƙar ta fi sauran kyau, tana tafiya tana tuntuɓe tana tashi. Khaula tana ɗora da'irori, tana jin numfashin dattijon a bayan wuyanta.

Sautin ƙarshe ya faɗi. Ta jira a yanke kamar kullum.

Ba a yanke ba. Ta ji mai busar yana haki, ta ji an goga ƙarfe a kan dutse. Sannan wata murya mai sanyi, wadda ta gaishe ta ɗazu a bakin ƙofa, ta ce daf da wayar da ake ɗaukar sautin da ita: "Sake daga farko, Lukmanu. So nake Malama ta rubuta min wannan kafin in cire na huɗun."