Sabuwar Tsarkiya

Wani saurayi yana tsakiyar waƙa a dandalin Beli, ranar da aka gama awon gyaɗar Turawa, sai sabuwar tsarkiyar gurminsa ta fara saki. Da safen nan ya ɗaura ta, ɗoki bai bar shi ya jira ta miƙe ba.

Da ma budurwarsa ta gindaya masa sharaɗi: "Mai muryar kwaɗo, in ka kai ƙarshen waƙa ban yi dariya ba, turo magabatanka."

Tsarkiya na saki, amo na sauka. Amo ya yi ta gangarawa har ya iske muryarsa can ƙasa, suka haɗu cif.

Har ya kai ƙarshen waƙa ba ta yi dariya ba.

"Su zo da goro gobe," in ji ta, "amma kada ka kuskura ka ɗame tsarkiyar nan!"