Tauraro Mai Ƙafa Huɗu

Da gangan na karkata allurar.

Madan, matar kumandan Bature, ta sa mu ƴan matan ƙungiyarta, mu goma sha biyu, kowa ta ɗinka lambar ƙirji: jan tauraro a kan farin ƙyalle. Balki, ɗiyar kukunsu, ta raɗa mana gaskiya a bakin rijiya. Wadda ɗinkinta ya fi kyau, da ita Madan za ta tafi Dakar. Cikin waɗanda aka ɗauka daga Dogon Dutsi, ba mu ga wadda ta dawo ba.

Sai na ɓata tawa. Ƙafa huɗu na yi wa tauraron, na bar zare yana reto. Na ƙulle ta a tsumma, na tura ƙarƙashin tabarma. Ban gaya wa Inna ba, don kada hankalinta ya tashi.

Ran Asabar muka jeru, kowa ta miƙa ƙullinta. Madan tana buɗewa tana yamutsa fuska, don duk mun ɓata. Da ta zo kan nawa sai ta tsaya. Ƙafa biyar cif, ko zare ɗaya bai kauce ba.

Tafintan Madan ya ce mini, "Hure, ke ce. Jibi mota za ta tashi."

Daga bakin danga Inna ta rangaɗa guɗa.

"Ni na warware ta na sake, kina wurin ɗiban ruwa," ta ce. "Ɗiyar mai ɗinkin hula ta kai wannan abin kunya gaban Nasara? To, mi anka ba ki? Sabulu?"