Filastar Rana ta Bakwai

Tun da aka fito da farar filastar nan, tabon tiyatar haihuwa ba ya wuce mako. Kullum a manna sabuwa, rana ta bakwai ciki ya koma sumul.

Yau ce ta bakwai ga Laure. Da jaririn ya rayu, da yau ake suna.

Gwaggo Kande ta shigo da filastar ƙarshe. "Kwanta in sa miki."

Laure ta ɗaga riga. Tabon ya dushe, saura ɗan layi kamar zare.

"Gwaggo, a bar min wannan."

"Ke! Wa ke yawo da tabo yanzu?"

"Kun ce ɗan fari ne, in yi kara, ban yi kuka ba. Nonon ma kun ba ni ƙwaya ya ƙafe. In wannan ya tafi, me zai nuna ya zo?"

Gwaggo ta daɗe tana juya filastar. Can ta ajiye, ta kwance bakin zaninta, ta ciro ɗan gwangwanin man kaɗanya.

"Da wannan muke shafa namu. Amma ki sani, shekara da shekaru zai riƙa yi miki ƙaiƙayi."

"Ya yi," in ji Laure. "Haka nake so."