Kwamfutar da aka ɗora a sikeli

Kai da ka yi wata uku kana cewa sai ka ƙara shawara, gyara zama in ba ka misalin wani tsohon akawu. Da ya yi ritaya, sai ya tsiri wata sana'a da ba ta kawo ko sisi: ya tattaro mushen tsofaffin kwamfutoci, irin masu ƙeya kamar tulu, ya kakkaɓe, ya sauya abin da ya ƙone, har ya ji sun yi ɗan kukan nan na tashi. Matarsa ta ce ɗakin ya zama asibitin ƙarfe, shi ko a jikinsa. Ya gama ta uku, tunanin ta huɗu ya hana shi sakat. Ya haɗa irin wadda ya fara gani a ofis, ko irin wadda 'ya'yansa suke rububin wasan kati a kanta suna ƙanana? Yau ya ce wannan, gobe ya ce waccan.

Ran nan yana zagaya 'yan gwanjo, sai ya hango wata a ƙarƙashin teburin wani mai tsofaffin kayan wuta, farinta ya koma rawaya, har an ɗora mata buta. A gefenta akwai tabon ƙuna. Ya san ranar da aka yi tabon nan. Amininsa Hashimu ne ya manta maganin sauro a kanta, a shagon buga takardu da suka buɗe tare suna samari. A kanta suka koyi bugu da yatsa biyu, a kanta suka buga wa rabin unguwa takardar neman aiki, har katin aurensa shi kansa. Yanzu Hashimu ya shekara tara a ƙasa, shagon ya koma na sayar da shinkafa, ko hotonsu tare babu. Nan take shawara ta yanke kanta, wannan ce ta huɗu. Wallahi ji ya yi kamar ya rungume ta.

To, amma ka san mu da ciniki, kowa ya nuna yana so ya yanka wa kansa tsada. Sai ya danne zuciyarsa, ya zunguri kwamfutar da ƙafa, ya yatsina fuska, ya ce wannan ai sai bola. Ya taya wata rediyo da ba ya buƙata, aka ce albarka, ya yi gaba. Dabararsa ita ce ya bar ta mako biyu, mai rumfa ya gaji da tuntuɓe da ita, ya sallama masa a arha. A gida ya share tebur, ya tono faya-fayan shagon da ya adana a gwangwanin alewa, yana ta ba matarsa labarin Hashimu har ta haddace. Sau biyu yana bi ta gaban rumfar, ya saci kallo, ya wuce yana jin kansa gwanin kasuwa.

Ranar da ya ga dabara ta nuna, ya je, sai ya tarar da buta a ƙasa. Mai rumfa ya ce, "Baba, ai kai ka ce sai bola. Na ga ko ku masu son tsofaffin kaya kun raina ta, shekaranjiya na ba 'yan gwangwan. Da ka ce kana so, da na ajiye maka ko shekara ce." Dattijon nan da ciwon gwiwarsa ya bi sawu har inda ake fasa kaya. Ya samu ƙarti da guduma, tagulla tsibi guda, roba tsibi guda, ana ɗorawa a sikeli ana lodawa a mota. Ya tona har la'asar, ya kasa gane ko ɓallin jikinta. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi kukan Hashimu, kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Saboda haka in ranka ya riga ya zaɓa, miƙa hannu ka ɗauka. Bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.