Sai Takardar Ta Yi Fari

Ikrima, ma'aikacin ɗakin wankin ƙoda, ya sake tsoma takardar gwaji a ruwan da ya ɗauraye injin. Ta rine.

"Malam, da sauran maganin wanke inji. In ya shiga jinin Hajiya, shi ke nan."

Na yi karatu, na san gaskiyarsa. Na koma benci wajen matata Hajiya Rahama, wadda na ɗauko daga garin Disina tana haki. Ta ɗora kai a kafaɗata. Aka yi ta ɗaurayar injin.

Can Ikrima ya fito da murna, takardar fara fes.

"Malam, shigo da ita!"

Ban motsa ba. Hakin ya daɗe da tsayawa. Babu wanda ya yi kuskure: sun tsare ta daga guba, ta rasu a kan layi.